Mun ce ta zauna saboda yara

Lambar wayata ce a fom ɗin makarantar 'yar Yaya, domin ni na kai ta ranar da ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ni kuma nake biyan 'yan kuɗaɗen da ake nema lokaci zuwa lokaci. Shi ya sa da malamar ajinsu ta tashi neman wani daga gida, ni ta samu. Watan Fabrairun 2023 ne, lokacin da canjin takardun naira ya jefa kowa cikin wahala. Ina shagon maigidana a Kantin Kwari muna fama da masu biya ta taransfa, sai ga kiranta. Ta ce in zo makaranta gobe, kuma kada in sanar da mahaifin yarinyar tukuna.

Ba zan faɗi sunan yarinyar ba. Ko uwarta ba ta faɗarsa, domin 'yar fari ce, "yarinyar nan" take ce mata. A lokacin shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo.

Malamar ta shimfiɗa mini takardun sakamako guda biyu a kan tebur. A zangon ƙarshe na aji ɗaya ta zo ta 4 a ajinsu. A zangon farko na aji biyu ta zo ta 41. Sannan ta buɗe rajista ta nuna mini ranakun da ba ta zo ba, kwana 17 a zango guda, ba a jere ba, yau ɗaya, bayan mako biyu, wani lokaci uku. Ta ce tana gyangyaɗi a aji, ta daina ɗaga hannu, sau biyu tana yanke jiki ta faɗi a wurin taron safe. Duk wannan, in ji ta, ana iya cewa ciwo ne ko yunwa. Abin da ya sa ta neme ni daban ne. Wata rana malamin lissafi ya buga littafi a kan tebur don a yi shiru, sauran yara suka yi dariya, ita kuwa sai ta durƙushe ta rufe kanta da hannu biyu, jikinta na rawa.

"Malam, shekarata 19 ina koyarwa. Yaron da yake kare kansa haka, ko dai ana dukansa, ko kuma yana ganin ana dukan wani. Me ke faruwa a gidan?"

Na sani. Dukkanmu mun sani. Sau uku Yaya tana yin yaji, sau uku ana zuwa biko, kuma a na ƙarshen ni da kaina na ɗauko jakarta na raka ta har ƙofar gidan. Abin da na ce mata a hanya ina tuna shi kalma-kalma: "Yaya, ki yi haƙuri, ko don yaran nan." Hajiya, mahaifiyarmu, ta faɗa mata haka, Baffa ya faɗa, maƙwabta sun faɗa. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya dubi yaran da ake cewa a zauna dominsu.

Malamar ta ba ni shawara biyu waɗanda har yau nake gode mata a kansu. Kada in tambayi yarinyar a gidansu, kuma kada in jero mata tambayoyi kamar mai bincike. In kai ta inda hankalinta yake kwance, in zauna in jira. Ranar Asabar na ce Hajiya na son ganinta, na ɗauko ta a adaidaita sahu. Mun fi awa guda a tsakar gida tana tsince shinkafa ba ta ce komai ba. Da na ce mata malamarta ta kira ni, sai ta ajiye farantin.

Ta ce daga yadda Babansu yake tsayar da babur a ƙofar gida take gane yadda daren zai kasance. In ya kashe shi nan take, lafiya. In ya bar shi yana ƙara, ya buga ƙyaure da ƙafa, to ta san abin da za ta yi. Tana da 'yan daƙiƙu ta kwashe wuƙaƙe da taɓarya da wayar dutsen guga ta cusa su bayan randa, ta kora ƙannenta ɗaki, ta sa su karatun hadda da ƙarfi don kada su ji. Ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Ba ta barci sai ta ji minsharinsa, wani lokaci ƙarfe biyu, wani lokaci har kiran sallar farko. Ranakun da ba ta zuwa makaranta su ne washegarin irin wannan dare, domin Yaya ba ta iya tashi, ko fuskarta ta kumbura ba ta son yara su gani, sai ita ta dama koko, ta yi wa ƙananan wanka, ta raka su makaranta. A ranakun da take zuwa ma, in ji ta, ba ta nan.

"Kawu, idona yana kan allo, amma kunnena yana gida."

Ita ba ya dukanta. Wannan ne ya sa muka daɗe muna ganin abin bai shafe ta ba. Ciwon kai da ciwon ciki da faɗuwar da take yi kuwa mun ɗora su a kan aljanu, har ruƙiyya an yi mata sau biyu, an yi hayaƙi. Ban raina addu'a ba, kuma ba zan raina ba, amma yarinyar da ta shekara ba ta samun barcin awa huɗu a jere ba sai aljani ya taɓa ta za ta faɗi a filin makaranta ba.

Na fara da inda ya kamata a fara, wurin Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne waliyyin Yaya tun rasuwar Baba. Aka tara manya a zaurensa. Na ji duk maganganun da na san zan ji: zo mu zauna zo mu saɓa, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, aure ɗan haƙuri ne. Wani ma ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, wato Yaya tana da baki. Ban yi musu da kowa ba, ni ne ƙarami a wurin. Na dai ciro takardun sakamakon nan biyu na ajiye a kan tabarma gaban Baffa, na faɗi abin da yarinyar take ɓoyewa bayan randa. Baffa ya daɗe yana kallon takardun. Shi tsohon malamin firamare ne, ya san abin da ake nufi da yaro ya faɗo daga na 4 zuwa na 41.

Shawarar da aka yanke ranar ita ce yarinyar ta koma wurin Hajiya har ta gama makaranta. Ba ta yi aiki ba. Uban ya ce 'ya'yansa ba za su tashi a gidan wani ba, ita ma yarinyar ta ƙi. Ta ce in ta tafi wa zai ɓoye wuƙaƙen? A nan na gane ba za a iya ceto ta ita kaɗai a bar uwarta a ciki ba.

Yaya ce ta fi wuyar shawo kai, kuma ban ga laifinta ba. Shekara 18 tana jin cewa zamanta shi ne rufin asirin 'ya'yanta, ba ta da sana'ar da ta wuce ƙulle-ƙullen kayan miya a cikin gida, tana kuma tsoron a ƙwace mata yara. Ga mijin nata a waje mutumin kirki ne, sahun gaba a masallaci, in an yi rasuwa a unguwa shi ne farkon zuwa, washegarin duka kuma ya shigo da tsire ko atamfa. Abin da ya juya ta shi ne da na gaya mata maganar randa. Ashe duk shekarun nan tana zaton yaran barci suke yi. Takan toshe bakinta da zani don kada kukanta ya tashe su. Kunyar 'yar fari ta hana uwa da 'ya su zauna su yi magana ko sau ɗaya, kowacce tana ɓoye wa ɗayar abin da dukansu suka sani. Yaya ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, sannan ta ce in kai ta duk inda ake zuwa.

Mun je wurin mai unguwa, ya kira mijin ya yi masa faɗa, ya kuma ce mu wuce ofishin Hisba don a rubuta. Cikin azumi ne, a ƙarshen Maris. An zaunar da su, an saurari kowa, an tunatar da shi hadisin Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Ya rubuta alkawari ya sa hannu cewa ba zai sake ba, shaidu suka sa hannu. Na roƙi a ba ni kwafi, na kai shago na adana. A lokacin ban san amfanin da zai yi ba.

Alkawarin ya kai bayan ƙaramar Sallah da kwana tara. A daren da ya karye, ƙanin yarinyar, mai shekara 14, ya fito daga ɗakin da aka kulle su ya shiga tsakani. Shi aka fasa wa goshi, Yaya kuma kunnenta na hagu yana zubar da jini. Yarinyar ce ta kira ni da wayar maƙwabciya ƙarfe ɗaya na dare. Ga abin da zan gaya wa duk wanda ya samu kansa a irin wannan dare: asibiti tukuna, kafin gidan kowa, kafin a fara kiran dangi. Mun yanki kati, aka ɗinke yaron, likita ya duba Yaya ya ce dodon kunnen ya fashe. Na roƙe shi ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa ya jawo shi, na ɗauki hotuna da wayata. Daga asibiti gidan Hajiya muka wuce da su duka, kuma Baffa da kansa ya ce wannan karon babu biko.

Wata abokiyar aikin malamar ce ta haɗa mu da wata lauya ta ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ta zauna da mu ba ta karɓi ko kwabo ba. Ita ta warware mana abin da ya ɗaure mana kai. Ta ce akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, amma tana aiki ne a Abuja da jihohin da suka amince da ita, kamar Kaduna da ta yi tata a 2018, Kano kuwa a lokacin ba ta kai ga haka ba. Ta kuma nuna mana sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, wanda ya ba miji damar abin da aka kira ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Na yi mamakin a ce irin wannan magana tana rubuce a littafin doka. Ta ce ana iya kai ƙarar rauni wurin 'yan sanda, amma in abin da Yaya take so shi ne ta fita da 'ya'yanta, hanyar da ta fi kusa ita ce kotun shari'ar Musulunci.

A nan ma akwai bambancin da yawancinmu ba mu sani ba. Mu abin da muka sani shi ne kul'i, mace ta mayar da sadaki a sake ta, har mun fara lissafin inda za mu samo kuɗin. Lauyar ta ce a mazhabar Malikiyya, in mace ta tabbatar wa alƙali cewa ana cutar da ita, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Riƙon yara kuma a hannun uwa yake, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa da tufatarwa na kan uba. Da Yaya ta ji wannan sai ta sa aka maimaita mata sau biyu. Shekara da shekaru ana tsorata ta da abin da shari'a ba ta ce ba.

Matsalar ita ce shaida. Wadda ta ga komai da idonta ita ce yarinyar, kuma ta san haka. Wani dare ta same ni a soro ta ce, "Kawu, in na yi magana a kan Baba a gaban alƙali, Allah zai yafe mini?" Tana son ubanta. Shi ya koya mata karatun agogo, shi yake saya mata littattafai in ta ci jarrabawa. Na ce mata ba za ta taka ƙofar kotu ba, ko da shari'ar za ta lalace. Da na gaya wa lauyar, ta ce dama ba ta da niyyar sa ta, domin malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin Tuhfa da alƙalanmu ke aiki da shi, sun ce cutarwa tana tabbata da shaidu ko kuma da labarin da ya yaɗu a tsakanin maƙwabta. Wato mutanen layin da suka shekara suna jin ihu ta kan katanga sun isa.

Sun isa, in za su zo. Gida shida na shiga. Kowa ya ce wallahi ya sani, abin yana damunsa, amma ba ya son a ce da bakinsa aka kashe aure, ga shi gobe za su haɗu a masallaci. Har yanzu wannan yana yi mini ciwo, duk da na san ni ma na yi irin shirun nan. Daga ƙarshe mutum biyu suka yarda: mai shagon bakin layi, wanda yaran suke gudu wurinsa, da wani dattijo mai katanga ɗaya da su, wanda ya ce ya gaji da toshe kunne da matashi.

Shari'ar kanta ba ta da wani abin mamaki, sai jira. Mun shigar da ƙara a wurin rajistara, aka kai masa sammaci. Zaman farko bai zo ba. A na biyu ya zo ya musa, ya ce tsautsayi ne ta faɗi. Alƙali ya fara da neman sulhu, ya sa a fitar da mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga namu, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce, suka zauna suka dawo ba a daidaita ba. Sannan aka saurari shaidu, aka karɓi takardar likita da alkawarin da ya sa wa hannu cikin azumi. Da alƙali ya ɗaga takardar ya tambaye shi ko hannunsa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, nawa ne." A zama na biyar, cikin watan Agusta, aka yi masa i'izari, wato aka tambaye shi ko yana da sauran hujja, aka raba auren, aka bar yara a hannun Yaya, aka yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. An ba shi kwana 30 in yana son ɗaukaka ƙara. Bai ɗaukaka ba. Kuɗin ciyarwar wani watan ya aiko, wani watan sai an bi.

Na ɗauka daga ranar yarinyar za ta koma yadda take a da. Sai ma abin ya ƙaru. A can tana da aikin gadi da yake riƙe da ita, a gidan Hajiya kuwa babu abin gadi, sai duk abin da ta danne ya taso. Ta daina cin abinci sosai, tana kuka ba dalili, tana cewa ita ta kashe auren iyayenta da ta buɗe baki. Jarrabawar kwalifayin da 'yan aji biyu ke yi a Kano, wadda da ita gwamnati ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO, ba ta ci ba.

Malamar ce ta sake tsayawa. Ta ce a kai ta wurin likitan da ke duba damuwa da ƙwaƙwalwa. Hajiya ta ce jikarta ba mahaukaciya ba ce, kuma in aka ji wa zai aure ta? Sai da na yi mako biyu ina lallashi. Likitan ya zauna da yarinyar ita kaɗai, sannan ya kira mu ya ce hankalinta lafiya lau yake, jikinta ne ya saba da zaman ɗar-ɗar har ya manta yadda ake sakewa. Ya ce a tsayar mata da lokacin kwanciya, kada a riƙa yin maganar ubanta da mugun baki a gabanta, kuma wani babba ya gaya mata a fili, ba sau ɗaya ba, cewa ba ita ta jawo ba. Ya ce irin wannan ya fi yawa fiye da yadda muke zato, kuma daga baya na ga alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018: a cikin matan Najeriya da suka taɓa aure, 36 cikin 100 sun ce sun fuskanci duka ko tilasci ko muzgunawa daga miji. Nawa ne a cikinsu ke da yara a bayan ƙofa suna saurare?

Wanda ya gaya mata maganar har ta shige ta ba ni ba ne. Yaya ce. Wata safiya na shigo na tarar tana yi mata kitso, abin da ba ta taɓa yi ba tun yarinyar tana ƙarama, tana magana ƙasa-ƙasa. Na ji ta kira ta da sunanta. Na juya na fita.

Mun karɓo takardar canjin makaranta zuwa wadda ke kusa da gidan Hajiya, kuma da shawarar malamar muka ce ta maimaita aji biyu. Ta ji zafin wannan, ƙawayenta sun wuce ta, amma karatun shekara guda ne ya zube, ba yadda za a yi a ɗora aji uku a kansa. Zangon farko ta zo ta 22. Na biyu ta 13. Ta rubuta NECO a 2025, ta samu kiredit a darussa shida har da Turanci, lissafi ne ya ƙi, kuma shi take shirin sakewa yanzu domin tana son karatun aikin jinya.

Yaron ne har yau ban san inda za mu kwana da shi ba. Duk hankalinmu ya tafi kan yayarsa saboda ita ce takarda ta nuna, shi kuwa dama ba ya cikin na gaba a aji, don haka babu wanda ya lura da faɗuwarsa. Sau biyu ana kirana makarantarsu saboda dambe. Wata rana ƙanwarsa ta makara da kawo masa abinci, ya ɗauke ta da mari, ya faɗi irin kalmar da ubansa yake faɗa, da irin muryar. Yaron da aka fasa wa goshi don ya kare uwarsa. Da na zaunar da shi sai ya fashe da kuka ya ce bai san lokacin da hannunsa ya tafi ba. Yanzu in an tashi daga makaranta shago yake zuwa wurina, muna ninke yadi muna hira, kuma na fara kai shi wurin likitan nan duk da yana zuwa ne yana ɗaure fuska.

Ita kuwa tana barci yanzu, yawancin darare. Hajiya ce ta lura cewa duk daren da na zo gaishe su a makare, yarinyar takan zabura ta zauna a kan gado tun kafin in yi sallama. Tun daga ranar nake kashe babur ɗina a bakin lungu, in turo shi da hannu har cikin soro.